Damin Gwaggo Tabawa

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kwana da kwanaki ke nan hadari na haɗuwa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta taso ta kwashe shi ta bar mu da zufa. Ina zaune gidan ɗiyata a unguwar Dar es Salam, nan Niamey, kilima na busa mini sanyi har gwiwoyina na ciwo, amma kullum sai na ja kujera zuwa bakin taga na duba sama. Jikokina na yi mini dariya, wai na fi masu faɗin yanayi a radiyo aiki.

Shekaranjiya Nafisa, babbar jikata, ta shigo da salula a hannu ta zauna gabana. Kamfanin iri da marigayi maigidana ya kafa zai yi bikin cika shekaru, za a buga ɗan littafi, ita aka ɗora wa rubuta tarihin kakanta.

"Kaka, ki ba ni labarin yadda Alhaji ya hango nesa ya fara harkar iri," in ji ta.

Hango nesa! Na dubi yarinyar nan na rasa ta inda zan fara. Mutumin da suke rataye fotonsa a buro, wato ofis ɗinsu na unguwar Plateau, da babbar riga da tabarau, ni na san shi yana tsugune bakin kasuwa yana ƙulla irin albasa a tsohuwar takarda. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma yau zan fara ba. Malam nake ce masa. Na ce mata ta ajiye salular ta saurara.

Mu mutanen Adar ne, ƙauyenmu na bayan Tahoua. Malam ya kawo ni Niamey ina amarya, muka kama ɗaki biyu na laka a Yantala, kusa da garake na bakin kogi. Sana'arsa sayar wa masu garka iri: albasa, tumatir, salati, kabeji. Ba mai magana ba ne, kuma taurin kai gare shi wanda har ya koma ga Allah ban ga irinsa ba. In ya ce a'a, ko limami ka ɗauko ka ɓata tafiyarka.

Damina biyu a jere ruwa ya ƙi. A ta biyun hatsi ya fito ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Kogi ya ja baya har masu garka suka riƙa bin sa da tulu a kai, tafiya mai nisa cikin laka busasshiya, daga baya da yawa suka bar garakensu. Wanda ya bar garka ba ya sayen iri, don haka teburin Malam ya mutu. Muka koma cin abinci sau ɗaya, da la'asar. Ɗiyarmu ɗaya a lokacin, uwar Nafisa ke nan, wadda yanzu ma'aikatan kamfani ke miƙewa in ta shigo suna cewa Madam Hadiza. Ni Dije nake ce mata, kuma shekararta uku.

Da bazara ta kama sai ga mutanen ƙauyenmu a bayan kamiyo, babbar motar kaya, gida ashirin da ɗaya, sun ji ana rabon abinci a babban birni. Shanu sun mutu, rumbuna sun zama wayam. Abu ɗaya kowane gida ya riƙo, shi ne damin iri. A wurinmu tun a gona ake zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo da cika, a ɗaure ta dabam, ba a sussuke ta sai ranar shuka. Kowane gida da alamar da yake ɗaurawa: wani guntun fata, wani ƙullin kaba uku, wani tsumman zane. Ba su iya barin shi a ƙauyen da ba kowa, ba su kuma yarda da kansu su kwana da shi a sansanin masu gudun yunwa ba.

Suka taru a tsakar gidanmu. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ita ta yi magana, don ta girmi duk mazan da suka zo.

"Malam, mun kawo maka ajiya. Mun san kanmu, in yunwa ta yi yunwa za mu ci shi. Kada ka ba kowa, ko ni ce na zo ina kuka. Sai ruwa ya sauka."

Ya ce su sake tunani. Suka ce sun gama. Aka ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Ni da shi muka share ɗakin ciki, muka shimfiɗa itace don gara, muka jera damunan, muka barbaɗa toka da ganyen bedi, maganin ƙwari. Ya sa kwaɗo, ya rataye makullin a ƙusa bayan ƙofa, don bai taɓa zaton sai ya ɓoye mini makulli ba.

Ba a daɗe ba wata safiya radiyo ya wayi gari da kiɗan soja. Aka ce sojoji sun karɓi mulki. Abin da ya fara isowa unguwa shi ne labarin masu ɓoye hatsi: an fasa mangazar wane, inda yake jibge buhuna, an tafi da wane a bayan mota, ba a san inda aka kai shi ba. Mutane suka yi murna, ni ma na yi, don akwai waɗanda suka yi ƙiba da yunwarmu. Sai da na dawo gida na dubi ƙofar ɗakin ciki murnar ta koma ciki. Na ce wa Malam ya je ya sanar da hukuma tun da wuri. Ya ce in ya sanar za a kwashe a dafa, kuma ba hukuma ta ba shi ajiya ba.

Kwanakin nan duk iri ɗaya ne. Da asuba na ɗebo ruwa, na goya Dije, na tafi layin rabo da kwano. Kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da takalmin roba ke laushi a ƙafa. Abin da ake ba mu wata jar dawa ce daga ƙasashen waje, mai tauri, ko ka kwana kana surfe ba ta yin laushi. Manya na haɗiyewa da ruwa. Yara kuwa cikinsu ba ya riƙe ta. Da azahar unguwa ta yi tsit, ba kukan akuya, ba wasan yara, sai ƙudaje. Ina kwance kan tabarma ƙanshin hatsin nan na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana shiga hancina. Wallahi har mafarkin fura na riƙa yi da rana tsaka.

Masu ajiya suka fara zuwa. Wani ya roƙa, wani ya yi zagi, wani ya ce Malam ya sayar ne shi ya sa ba ya buɗewa. Sai ya buɗe ƙofa ya nuna wa mutum daminsa daga nesa, ya mayar da kwaɗo. Rannan Gwaggo Tabawa da kanta ta zo, goye da jikarta Ladi, sa'ar Dije, wadda uwarta ta rasu ta bar mata. Yarinyar ta zama ƙashi da ido.

"Malam, zangarniya biyar kawai. Kunu zan yi mata. Nawa ne, ba na wani ba."

"Gwaggo, ke kika ce ko ke ce."

"Na ce. Yau na warware."

"In na buɗe miki, gobe mutum ashirin na nan, kowa da ɗansa a baya. Kafin jumma'a ba sauran iri a garinmu."

Ya kawo rabon dawarmu na ranar ya ba ta. Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta ajiye shi a ƙasa ta fita. Na bi ta har bakin hanya ina kira, ba ta waiwayo ba. Da na dawo na tarar da Malam ya kifa kai a bango yana kuka kamar yaro. Ban lallashe shi ba, don haushinsa nake ji. Bayan kwana shida aka aiko mana Ladi ta rasu.

A makon ne Dije ta kama zawo. Duk abin da na ba ta na jar dawa sai ya fito yadda ya shiga. Kwana uku ta daina kuka, kuma na riga na ga abin da ke biyo bayan wannan shirun. Ban tambayi Malam ba, na san amsarsa. Da ya fita neman aikin dako na sauke makullin daga ƙusa.

Damin da ke kusa da ƙofa mai tsumman baƙin saƙi ne, na Gwaggo. Na san nata ne. Na ce a raina kayan gida ne, ƙanwar ubana ce, da in taɓa na bare gara nata. Haka na yi wa kaina wayo. Na zare wajen rabi, don na ce ba zan iya buɗe ƙofar nan sau biyu ba. Na shigar da turmi ɗaki, na sa tsumma a ƙarƙashinsa, na sussuka a hankali don kada a ji. Har nan na yi dabara. Amma ni ƴar ƙauye ce, hannuna ya saba: da na gama sai na ɗauki faifai na fito tsakar gida na ɗaga sama na sheƙe, yadda uwata ta koya mini. Iskar bazara ta kwashi ƙaiƙayin ta tsallake katanga da shi.

A birni hatsi a buhu yake zuwa, sussukakke. Ba mai ganin ƙaiƙayi a Yantala ko da kaka, balle a tsakiyar yunwa. Ya sauka kan shanyar maƙwabta, kan randunansu, kan hanya. Ban lura ba. Ina can ina dama kunu da tsamiya, ina ɗura wa Dije cokali cokali, tana haɗiya, yana zama. Har yau ban san wanda ya kai rahoto ba, kuma ban taɓa riƙe kowa a zuciya ba. In da ni ce ɗana ke mutuwa na ga ƙaiƙayi a kan zanena, da ƙafata zan je.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya ƙofar gida. Sojoji huɗu da babbansu, wani ajidan dogo, Bamaradi, mai tsage a kumatu. Unguwa ta cika ƙofarmu. Aka sa Malam ya buɗe ɗakin ciki. Da mutane suka hango damunan sai aka ɗauki salati, wata ta ce, "Muna mutuwa, ashe rumbu ne a bayanmu!"

"Iri ne, ranka ya daɗe," in ji Malam. "Ajiyar mutanen garinmu ce."

Ajidan ya shiga, ya ɗaga zangarniya ɗaya ya auna da hannunsa, ya shinshina tokar, ya duba alamomin ɗaya bayan ɗaya. Daga yadda ya riƙe ta na gane ɗan manomi ne. Har na fara samun numfashi. Sai ya tsaya kan damin Gwaggo, wanda igiyarsa ta yi sako-sako. Ya fito ya duƙa gindin katanga ya dangwalo ƙaiƙayi da yatsa.

"Mai ajiya ba ya sussuka. Wa ka sayar wa?"

Malam ya dubi damin. Sannan ya dube ni, ya dubi Dije da ke zaune a karon farko cikin mako tana wasa da cokali. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

"Gidana ne. Abin da anka yi cikinsa ni na yi."

Ajidan ya ce to. Za su tafi da shi bariki, za a bar soja ɗaya a ƙofar ɗakin. Gobe kafin azahar kowane mai dami ya zo ya faɗi alamarsa tun bai gani ba. In dami ɗaya ya rasa mai shi, ko wani ya ce an taɓa masa kaya ba da izninsa ba, za a kwashe duka a kai wurin rabo, Malam kuma ya bi sahun masu mangaza. Aka sa shi a bayan mota ko takalmi bai sa ba.

Na goyi Dije na kama hanyar sansani, can bayan gari inda aka kakkafa rumfunan zana da kwali. Rana na dukan ƙeyata, bakina ya bushe har harshe na manne wa dasashi. Na bi rumfa rumfa ina faɗa wa mutanenmu. Waɗanda suka zagi Malam jiya su suka fara cewa za su zo, don kowa ya gane in aka dafa irin nan, ko ruwa ya sauka ba abin da za a koma yi. Rumfar Gwaggo na bari ƙarshe.

Na same ta zaune tana tsinke kaba. Tun rasuwar Ladi ba ta yi mini magana ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba: makulli, rabin daminta, faifai, soja. Na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama, amma gobe kalmarta ce za ta fitar da Malam ko ta rufe shi. Ta tambaye ni, idonta na kan kabarta.

"Yarinyar ta sha?"

"Ta sha, Gwaggo."

"Ya zauna mata?"

"Ya zauna."

Ta leƙa bayana ta dubi Dije. Ta koma kan kabarta. Na tashi na tafi ban san abin da ta yanke ba, kuma na san in ta ƙi zuwa ba wanda zai ga laifinta.

Washegari aka dawo da Malam, aka zaunar da shi a rana tsakiyar gida. Mutanenmu suka yi layi a waje. Ajidan ya sa kujera bakin ƙofa. Mutum ya shigo ya ce guntun jar fata, soja ya shiga ya fito da shi. Wani ya ce ƙahon akuya, aka fito da shi. Haka har dami ashirin suka jeru a tsakar gida. Saura ɗaya. Inuwar katanga na ta janyewa, ina kallonta tana matsowa gindin bango. Ajidan ya duba agogonsa. Daga masallacin unguwa aka fara gyaran murya za a kira salla.

Sai ga ta, da sanda, ƙura har gwiwa. Ba ta gaida kowa ba.

"Tsumman baƙin saƙi. Nawa ne."

Aka fito da shi, rabi, igiya na lilo. Ajidan ya ce, "Inna, haka kika kawo shi?"

"A'a. Cike na kawo shi."

Ta ɗaga sandarta ta nuna ni.

"Ni na ce ta ɗiba. Jikata ce ba lafiya. Ko sai na nemi takarda wurinku kafin in ba jikata kunu?"

Ajidan ya dube ta, ya dube ni. Ban iya haɗa ido da shi ba. Na tabbata ya gane, don ya daɗe yana murza ƙaiƙayin nan tsakanin yatsunsa. Daga ƙarshe ya miƙe ya ce wa Malam ya tashi. Ya ce kowa ya ɗauki kayansa ya tafi da shi, magana ta ƙare.

Ba wanda ya motsa. Ga iri a gabansu, ga yunwa a cikinsu, ga izni daga hukuma. Gwaggo ce ta sunkuya, ta ja igiyar daminta ta ɗaure tam, ta ɗauka da kanta ta mayar ɗakin ciki. Ta fito ta ce, "Ruwa bai sauka ba tukuna." Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi ta. Ajidan ya bar mana takarda mai hatimi aka liƙa a ƙofar.

Da za ta tafi na bi ta zaure na kama ƙafarta ina godiya. Ta janye.

"Tashi, Rabi. Ba don ke na yi ba, ba kuma don mijinki ba. Ladi ta tahi don wanga iri ya kai damina. In soja sunka dahe shi a tukunya, a banza ta tahi ke nan."

Ruwa ya sauka bayan kwana goma sha wani abu, da la'asar, da iska mai tsige rufi. Na tsaya tsakar gida ya jiƙa ni sharkaf, ƙanshin ƙasa ya cika ƙirjina, ina kuka ban san na murna ne ko na me ba. Kashegari Malam ya buɗe ɗaki, kowa ya ɗauki nasa, aka samu kamiyo suka koma. A shekarar ƙauyuka da yawa sun ga ruwa ba su da abin shukawa. Namu ya shuka. Gwaggo rabin gonarta kawai ta iya rufewa.

Da kaka kowane gida ya aiko wa Malam zangarniya zaɓaɓɓu, wai ya riƙe musu, ya kuma sayar wa mabukata. Labari ya bazu cewa akwai wani Ba'adare a Yantala wanda ko bindiga ba ta sa shi cin iri ba. Mutanen wasu garuruwa suka fara kawo nasu, suka fara saye a wurinsa. Daga ɗakin ciki aka koma shago, daga shago aka koma mangaza, yau ga motoci da sunansa a jiki suna zaga ƙasa. Bai taɓa ɗaga mini maganar makullin nan ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Gwaggo kuwa ta rayu shekara tara bayan haka. Duk abin da ya aika mata sai ta mayar, ba ta kuma sake shan ruwa a gidanmu ba.

Da na kai nan Nafisa ta daina murmushi. Ta ce, "To Kaka, wannan ƙullin baƙin zane da ke jikin kowane buhunmu..."

Na ce shi ne. Kakanta ya sa aka zana, bai gaya wa kowa dalili ba, su kuma masu boko suka ɗauka ado ne.

"Mama ta sani?"

Ba ta sani ba. Shekara da shekaru ina cewa sai ta girma, sai ta yi aure, sai ta huta da aiki, har ga shi ita ma ta yi furfura. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Na ce wa Nafisa ta rubuta abin da ta ga dama game da Alhaji, ya cancanta, amma a shafin farko, sama da fotonsa, ta sa sunan Ladi.

"Ladi wa, Kaka? Sai an sa sunan uba."

"Ladi jikar Tabawa. Shekararta uku. Ki rubuta haka, sannan ki kira mini uwarki a salular nan, ki ce ta baro buro ta zo. Yau zan gaya mata kunun wa ta sha."